Kun Sayi Gida Ku Gyara, Kun Ɓuge da Shafa Masa Hoda

Raina a ɓace yake da irin ɓarnar dukiyar da sababbin masu sayen gidaje suke yi a Kano da sunan gyara. Mutum ya yi shekara da shekaru yana tari, ko ya karɓi kuɗin sallama daga aiki, ko rabon gado ya zo masa, sai ya ce bari ya sa a ƙasa tunda Naira kullum narkewa take yi. Wannan shawara ce mai kyau, ba ni da ja. Ya sayi tsohon gida a Ɗorayi ko Kurna ko Rijiyar Zaki, da niyyar ya gyara ya zuba 'yan haya, ko ya sayar ya ci riba. To daga ranar da aka miƙa masa makulli hankali yake barinsa. Kafin ya hau ya duba kwano, ya kira mai fi'ofi. Kafin ya san inda ruwan gidan yake bi ya fita, ya zaɓi kalar tayil. Wata uku ka dawo ka tarar da ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai zanen zinare, da fitilu masu kala a jikin katanga, da falon da aka yi wa rufi hawa-hawa, alhali bangon banɗaki na tsatsafo da ruwa, sokawe ta cika tun zamanin mai gidan farko.

Ba jahilci kaɗai ba ne. Da jahilci ne da na yi masa uzuri. Akwai son a gani a ciki, akwai kuma yaudara, kuma wanda ake yaudara shi ne talakan da zai kwashe matarsa da 'ya'yansa ya shiga gidan.

Lissafin fa a fili yake, ko ɗan firamare zai iya shi. Mu ƙaddara ka kashe Naira miliyan 3 a kan fi'ofi da fitilu da shimfiɗa intalok a tsakar gida. Mu ƙaddara kuma wannan ado ya sa ka ƙara Naira dubu 150 a kan kuɗin haya na shekara, in ma an yarda an biya. Shekara 20 ke nan kafin kuɗinka su dawo, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Kafin shekara 20 fi'ofin ya zube sau nawa? An daina yayin tayil ɗin tun yaushe? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya, babu kayan ginin da bai yi tashin gwauron zabo ba. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu 10 a wurare da dama. Wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa sayen rodi ko kwano ko fayif ya san yadda ake fitowa da aljihu. A irin wannan zamani, duk Nairar da ka sa a gida dole ka tambaye ta: me za ki dawo min da shi, kuma yaushe? Mutanenmu ba sa tambaya. Abin da suke tambaya shi ne yadda gidan zai fito a hoto idan dillali ya ɗora a WhatsApp.

Gyara na farko da ke ƙara wa gida daraja ba ya buƙatar ko cokali ɗaya na siminti. Takarda ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da kake da shi izinin zama ne, kuma sayar da fili mai takardar gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna kafin cinikin ya zauna da ƙafarsa a gaban doka. Amma sai ka ga mutum ya biya miliyoyi a kan 'yar takardar ciniki mai sa hannun shaidu biyu da hatimin mai unguwa, bai taka zuwa KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye, ya bincika ko sunan wa ke kan fayil ba, bai tambaya ko an jinginar da gidan a banki ba, sannan ya fara fasa bango. Idan gidan gado ne abin ya fi muni. Babban wa ya sayar, ƙanwar da ke aure a Gusau ba ta sani ba, marayun ɗan'uwan da ya rasu ba a cire musu kasonsu ba. Kana gama fenti sammaci ya iso. Kuɗin da ka zuba a gidan da ake shari'a a kansa, kai da su sai dai addu'a. Masu shagunan da rusau ɗin Yunin 2023 ya ci a Kano, da yawansu suna riƙe da takardun da suka yi imani da su, duk da haka suka kwana a ciki. To ina ga kai da ba ka da komai sai amincin dillali? Gida mai tsabtatacciyar takarda banki na iya karɓarsa jingina, mai saye na nesa ba ya jin tsoronsa, kuma farashinsa daban ne ko da bangonsa babu filasta. Wannan ita ce daraja. Amma da yake ba a ganin takarda daga bakin titi, ba ta burge kowa.

Sai rufi. A nan ne na fi jin takaici, domin a nan ake cutar mutane da gangan. Gida ya yi shekara 30, kwanonsa ya yi tsatsa, ƙusoshi sun saki, gara ta cinye katakon ciki har kana iya huda shi da yatsa. Kafinta ya hau ya sauko ya gaya wa mai gida gaskiya. Mai gida ya ce a bar shi zuwa baɗi, a lilliƙe ramukan da kwalta, a rufe ƙasa da fi'ofi. Shi kuwa fi'ofi da ruwa ba sa ga maciji. Yana shan ruwa, ya yi nauyi, ya yi baƙi, wata rana ya ɓallo gaba ɗaya. A kan wa zai faɗo? Ba a kan Alhaji ba, Alhaji na can gidansa a Nasarawa. A kan jaririn da aka kwantar a tsakar ɗaki zai faɗo. An ba da hayar gidan da rani, lokacin da babu mai gane rufi na yoyo, an karɓi kuɗin shekara cif, Agusta na zuwa ɗan haya ya kwana yana tara bokitai. Ya kira waya a ce masa ya gyara da kuɗinsa a cire a haya ta gaba, hayar gaba ta zo a ce ba a yi haka da shi ba.

Ga kuma sabon yayin ɓoye rufi, a ɗaga bango ya zagaye kwano don gida ya yi kama da na Dubai. Ba na ce ba ya yiwuwa ba. Yana yiwuwa idan an yi wa ruwa hanya mai faɗi da gangara, aka sa indararo isasshe, kuma akwai mai hawa ya share kafin damina. Amma a garin da iska ke kwaso leda da ƙura ta zuba a kan kowane rufi, magudanar da ke ɓoye a bayan bango toshewa take yi, ruwa ya taru ya nemi hanya ta cikin ɗaki. An cire tsohon rufi mai baki a waje, wanda ke jefar da ruwa nesa da bango yana kuma yi wa taga inuwa, an kawo wanda zai jiƙa gini daga sama. An biya kuɗi an sayi matsala.

Ruwan ƙasa ma haka. A unguwanni da yawa an yi ta ciko ana ɗaga titi har ya fi daɓen tsofaffin gidaje tudu. Ruwan sama na sauka, maimakon na gida ya fita, na waje ne ke shigowa. Mai hankali abin da zai fara yi shi ne ya je gidan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ya tsaya ya ga inda ruwa ke kwanciya, ya tambayi maƙwabta iya inda yake kaiwa a jikin bango. Sannan ya ɗaga daɓe, ya gyara kwata, ya fitar da gangara. Ka dubi gindin bango: in ka ga filasta na kumbura tana zubar da farin gari, danshi ne ke hawowa daga ƙasa da gishirinsa. Me 'yan kwaskwarima ke yi? Su manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu su rufe. Danshin bai je ko'ina ba, sai ma ya ƙara hawa sama ya ɓullo a saman tayil ɗin, bulo na ruɓewa a ciki ba mai gani.

Wannan ba dabarar kasuwa ba ce, algus ne. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayani cewa ɓoye aibin kaya ga mai saye haramun ne, kuma wanda aka ɓoye wa yana da haƙƙin mayarwa. Mutumin da ba zai yarda a sayar masa da buhun shinkafa mai tsakuwa a ƙasa ba, shi ne zai shafe tsagaggen bango da fenti ya rantse wa mai saye cewa gini garau yake. Yana sahun gaba a masallaci, kuma ya san abin da ya binne a bayan tayil.

In kana son sanin abin da ke sa ɗan haya ya biya da daɗin rai ya kuma zauna shekaru, kada ka tambayi dillali. Tambayi matar da za ta wuni a gidan. Maigida ne ke tsayawa a falo yana kallon sama. Uwargida tana shiga za ta wuce kicin ta ga ko hayaƙi na da mafita, ta buɗe famfo, ta leƙa banɗaki ta shaƙi iskarsa, ta duba inda za ta yi shanya, ta ɗaga kai ta ga ko benen maƙwabta na hango tsakar gida. Tambayarta ta farko ita ce, "Akwai ruwa?" A garin da unguwanni da yawa suka manta rabon da ruwan famfo na Tamburawa ko Challawa ya zo musu, iyali na kashe kuɗi mai yawa kowane wata a wajen 'yan garuwa. Gidan da ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama, da injin da ke jan ruwa da hasken rana ba sai an jira wuta ko an sayi fetur ba, ya ɗauke wa ɗan haya wannan nauyi, kuma ɗan haya ya san lissafinsa. Zai ƙara maka kuɗi bai yi ƙorafi ba, ba kuma zai tashi ba. Gidan da ba ya zama babu kowa shi ne gidan da ke kawo riba. Wata uku gida na kulle ana neman mai shiga, rubu'in kuɗin shekara ya tafi, ga la'adar dillali, ga sabon fenti.

Amma ko a maganar rijiyar sai an yi ganganci. A haƙa rijiya taku biyar daga sokawe, saboda fili ya ƙure ko saboda nan ne mai haƙa ya ga sauƙin kafa injinsa. Masana lafiya suna ba da shawarar tazarar kimanin mita 30 tsakanin ramin bahaya da inda ake ɗiban ruwan sha. Na san filayenmu na cikin gari ba kowanne ke da wannan sarari ba, to sai a nisanta iya iyawa, a yi zurfi, a toshe bakin rijiyar da siminti yadda ruwan sama-sama ba zai gangara ciki ba, a kai ruwan a gwada kafin a ce wa mutane su sha. Kowace damina muna jin labarin amai da gudawa. Ba daga sama yake faɗowa ba.

Wuta kuma, Allah Ya kiyaye. Gidan da aka yi wa wayarin lokacin da kayan wutar iyali ba su wuce ƙwai huɗu da fanka da rediyo ba, yau an sa masa firji da na'urar sanyaya ɗaki da hita da dutsen guga, duk a kan tsohuwar wayar nan. Mai gyara ya canza makunnai ya sa masu ƙyalli, wayar cikin bango kuwa ba a taɓa ta ba. Ko a taɓa ta, a sayo ta bogi mai araha, wadda aka yi wa wankan jan ƙarfe a sama. Duk mai aikin wuta na kirki ya san wayar fitila daban, ta soket ta fi ta kauri, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita ta fi su duka, kuma dole a yi wayar da ke sauke wuta ƙasa, a sa abin da zai katse wuta in ta yi yawa. Ana tsallake duk wannan don a rage kuɗin da bai kai na fitilar falo ba. Lokacin hunturu ya zo a jona hita a manta, cikin dare gobara ta tashi, tagogi kuma duk an dasa musu ƙarfen da ba ya buɗewa, ƙofa ɗaya ce tak. Sai a taru a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya sayi wayar bogi yana sane za a tambaye shi.

Raba mita kuwa ƙaramin aiki ne mai babban amfani. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mita ɗaya a gidan haya mai ɗakuna da yawa ta zama masomin gaba: wane na da firiza, wance na guga kullum. Ka nemo wa kowane sashe mitarsa ta kati daga kamfanin wuta na KEDCO, ka huta da sulhu, ka kuma huta da bashin da ɗan haya zai tara ya gudu ya bar maka.

Akwai wata ɓarnar da ke ƙona min rai ta daban, ita ce yaƙi da iska. Garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, a nan za a sare darbejiyar da ta shekara 20 tana yi wa gida inuwa don a shimfiɗa intalok daga bango zuwa bango, ya wuni yana shan rana ya kwana yana amayar da ita. A cire tagogin da ke buɗewa gaba ɗaya a sa gilashi mai zamewa, wanda ko ka buɗe shi iya ƙarfinka rabi ne ke buɗuwa. A ɗora baƙin kwano. A sauko da silin ƙasa don ado. An mai da ɗaki tanda, an dogara da na'urar sanyaya ɗaki a unguwar da wuta ke zuwa sa'o'i ƙalilan, ga ɗan hayar da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata. Kakanninmu da suka yi gini da tubali da azara sun san amfanin bango mai kauri da tsakar gida da zaure. Mu muka zo muka rushe zaure don mota ta samu wurin shiga, baƙon maigida kuma sai dai a ratsa da shi ta gaban matan gida.

Ba na ƙin ado. Fenti mai haske mai tsabta, tayil mai sauƙin wankewa wanda ba ya santsi a banɗaki, ƙofa mai ƙwari, raga a taga saboda sauro, famfon da ba ya ɗiga, duk waɗannan suna biyan kuɗin sabulu, kuma ba su da tsada. Abin da nake ƙi shi ne a fara da su, da kuma a yi su fiye da ƙarfin unguwa. Kowace unguwa tana da iyakar abin da mutanenta za su iya biya. Ka kai marmara Sheka ko Kurna, ba za ta mai da layinku Bompai ba. Wanda ke da kuɗin hayar da kake mafarki ba zai bi lungu mai kwata a tsakiya ya zo gidanka ba, wanda kuma ke zaune a lungun ba shi da kuɗin. Gida kusa da Jami'ar Bayero, a Kabuga ko Janbulo ko Ɗanbare, abin da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ke nema ɗaki ne mai banɗakinsa da ɗan wurin girki, da ruwa, da tsaro. Ka sa kuɗinka a nan, ba a falo mai ɗaukar mutum talatin ba.

A nan ma sai haɗama ta shigo. An ji cewa ƙananan ɗakuna na kawo kuɗi, sai a yanka gida mai ɗaki huɗu a fitar da goma, wasu babu taga, duk a kan sokawe ɗaya da aka haƙa don iyali guda. Ko a fasa bangon da ke ɗauke da nauyi don a faɗaɗa falo, a kan maganar birkila cewa ba komai, ya sha yi. Ko a ɗora bene a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa, ba injiniya, ba izinin hukumar tsara birni ta KNUPDA, da bulon da aka buga da yashi zalla kana murza shi yana zubewa. Mun ga benen da ake ginawa ya rufta a titin Beirut a Agustan 2022, aka yi ta tonon mutane a ƙarƙashin ɓaraguzai. Gini ba ya jin magiya. Kuɗin da injiniya zai karɓa ya zo ya duba harsashi da bango kafin a taɓa su bai kai kuɗin ƙofar gaban nan mai zanen zinare ba, amma shi ne ake ganin asara.

Dillalai da 'yan kwangila suna da kasonsu na laifi, kuma ba ƙarami ba. Dillali la'adarsa yake nema yau, ba ruwansa da abin da zai faru da damina, shi ya sa kullum shawararsa ita ce, "Alhaji, a ɗan yi masa fenti a sa fi'ofi, wallahi sati ba zai yi ba." Ɗan kwangila kuma ya fi son aikin ado domin a nan ake cusa kuɗi ba a gane ba, kuma a nan ake ɗaukar hoton da zai nuna wa wani. Gyaran kwata ba ya kawo masa sabon ciniki. Amma su biyun ba su ƙwaci kuɗin daga hannunka ba. Kai ka miƙa. Hajiya da ta sayar da gwalagwalanta ta sayi gida, da ɗan'uwanmu da ke Saudiyya ko Ingila yana turo kuɗi ana turo masa bidiyo, su aka fi yi wa wannan, domin ba sa hawa rufi, abin da aka nuna musu shi suke gani. In ba za ka iya zuwa ba, ka biya wani wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar, ya hau ya leƙa cikin silin da tocila, ya buɗe murfin sokawe, ya kwance soket ɗaya ya ga kalar wayar da kaurinta, ya karɓi rasit na kowane kaya. Kada ka biya kuɗin aiki gaba ɗaya a farko, kuma kada a rufe silin ko a yi filasta a kan fayif da waya sai wanda ka wakilta ya gani da idonsa.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ƙarshen lamarin kullum a kan ɗan haya yake sauka. Mai gida ya yi ɓarnarsa, lissafi ya ƙi fita, sai ya ninka haya ya ce ai ya kashe kuɗi a gidan. Malamin makarantar da ya shekara 8 yana biya ba fashi a ba shi wa'adi ya tashi. A kawo sabo ya biya ninki, ya sha yoyo damina ɗaya ya gudu. Gidan ya yi suna a unguwa, dillalai su fara kauce masa, a ƙarshe a sa shi a kasuwa, mai saye ya zo da injiniyansa ya ƙwanƙwasa bango ya ji amsar da yake bayarwa, ya taya ƙasa da abin da aka kashe.